Soron Aro

"Yau kam ba inda zan motsa sai kin gaya min gidanku!"

Labaran ne ya gitta kekensa a gaban Zuwaira, daidai lokacin da jiniyar tashi ta kaɗa, mata suka ɓarko daga ƙofar kamfanin alawa na Sharaɗa kowa na gyara mayafi. Daga Challawa ya tuƙo, ko burbushin audugar masaƙa bai tsaya kakkaɓewa daga sumarsa ba.

"Haba Malam Labaran... mutane fa suna kallonmu."

"Su kalla! Wata biyar ina bin ki a bakin titi kamar mai tallar rake. Yau gindin palwaya, gobe tashar kiya-kiya. Ni ba mutumin banza ba ne, Zuwaira, ke ma ba 'yar banza ba ce. 'Yar mutunci a ƙofar gidansu ake zance da ita."

"Gidan namu akwai tsanani..."

"Tsananin nake so! A kore ni sau uku, in dawo sau huɗu."

Dariya ta so ƙwace mata, kuka ya riga ta zuwa maƙogwaro, ta haɗiye su duka biyun. Halin nan nasa shi ya sa take sonsa, shi kuma ya sa take tsoronsa. In ya sa abu a gaba ba ya waiwaye.

"Ko dai ba kya sona ne?" Muryarsa ta yi ƙasa. "In haka ne faɗa min, in ja kekena in san inda dare ya yi min."

"Kar ka ƙara faɗar haka!"

"To ina ne gidan, abar ƙaunata?"

Ta dubi titi, ta dubi hayaƙin kamfanin robobi, ta dubi yatsunta da takardar naɗe alawa ta rina ja. Sai ta ji bakinta yana magana ba da izininta ba.

"Na'ibawa. Bayan injin markaɗe, gida mai koriyar ƙofa... gidan Hajiya Mairama. Gwaggona ce."

"Lahadi bayan la'asar?"

"Lahadi..."

Ya haye kekensa yana ta kaɗa ƙararrawa har ya sha kwana. Ita kuwa ta daɗe a tsaye a wurin.

Gaskiyar magana, Zuwaira ba ta da gida. Ba ta da shi a Na'ibawa, ba ta da shi a Sharaɗa, ba ta da shi ko'ina a faɗin ƙasar Allah.

Shekara ɗaya da rabi ke nan da ciwon ƙirji ya ɗauke mijinta Ado, ma'aikacin majema, cikin kwana tara. Ta yi takabarta a ɗakinsu na haya. Washegarin fitarta takaba mai gidan ya yi sallama, ya yi mata ta'aziyya mai kyau da ayoyi, sannan ya ce shi dai ba ya ajiye mace marar miji, unguwa za ta zage shi. Ta bi ƙofa goma sha ɗaya tana neman ɗaki, ko'ina tambayar ɗaya ce: "Ina maigidan naki?" Mace mai aikin kamfani, ba miji, ba iyaye a gari, ai an riga an raɗa mata suna tun ba ta buɗe baki ba.

A ce ta koma gida? Garinsu can arewa da Damagaram yake, fari ya watsa shi. Iyaye sun rasu, yayanta ya kora ragowar awaki ya yi kudu, har yau ba amo ba labari. Ta taɓa zuwa wani ofis a Nassarawa da aka ce ana taimakon mata. Wata ma'aikaciya mai kirki ta zaunar da ita, ta ba ta ruwa, ta ce abin da suke iyawa biyu ne: su sasanta mace da mijinta, ko su ba ta takardar mota ta koma wurin iyayenta. Zuwaira ta yi godiya ta fito, don mijin da iyayen duk wuri ɗaya suke, kuma mota ba ta zuwa can.

Mata biyu ne suka rufa mata asiri. Ta farko Rahila, 'yar Kagoro da suke naɗe alawa a tebur ɗaya. Ɗaki guda ne da ita da mijinta Bulus, maigadi a masaƙar da Labaran yake aiki. Gadin nasa mako-mako ne, mako guda rana, mako guda dare. Makon da yake dare Zuwaira ta kwana wurin Rahila, ta fice kafin ya dawo. Makon da yake rana kuwa sai rumfar Ladidi mai tuwo, a shimfiɗa kwali tsakanin tukwane, a jingina tsohon kwano a ƙofa. Haka rayuwarta ta koma, allon shiftin kamfanin da ba ta taɓa shiga ba shi yake yanke mata inda za ta sa haƙarƙarinta.

Hajiya Mairama fa? Ba dangin iya ba na baba. Tsohuwa ce mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ciwon gwiwa ya hana ta durƙuso, Zuwaira ke yi mata wanki duk Lahadi. Ba don komai take yi ba sai don ta samu banɗaki mai ƙofa ta yi wanka a tsanake, ta shanya kayanta a igiya kamar kowace mace. Ita ma Hajiyar abin da aka gaya mata shi ne Zuwaira tana zaune wurin yayanta a Sharaɗa.

"Kin ce masa me?!" Rahila ta saki ludayi a tukunya. "Wayyo Allah, Zuwaira, kin haukace?"

"Soro kawai zan ara. Awa ɗaya..."

"Zanen aro ba ya rufe katara, 'yar'uwa! Ki gaya masa gaskiya. Bulus ya san shi, ya ce ba shi da abokin faɗa a masaƙar nan."

"In gaya masa tsakanin tukwane nake kwana? Rahila, namiji yana jin mace ba ta da gida, ɗayan biyu ne. Ko ya gudu, ko ya matso da wata manufa. Ba zan iya ganin ko ɗaya a fuskar Labaran ba... wallahi ba zan iya ba."

Rahila ta dube ta, ta girgiza kai, ta zuba mata tuwo.

Lahadin farko ta gama wanki tun azahar. Ta share soron sau biyu, ta shimfiɗa tabarma, ta laɓe a bayan ƙyaure kunnenta yana titi. Tana jin ƙararrawa ta leƙo da sauri, kada ya rangaɗa sallama a ji a ciki.

Ya cire takalmi, ya zauna, ya dubi rufin soron ya ja dogon numfashi.

"Alhamdu lillahi. Yau na zama mutum!" Ya tura mata ƙunshi. "Turare naki, goro na Gwaggo. In shiga in gaishe ta?"

"Barci take yi!"

Mako na biyu Gwaggo ta tafi unguwa. Na uku ba ta jin daɗi. Na huɗu kuwa sautin taɓarya ya taso daga tsakar gida, tim, tim, har ƙasa na amsawa.

"Wa ke daka?"

"Maƙwabta ne..."

"Maƙwabtan naku akwai ƙarfi," ya ce yana murmushi, bai kawo komai a ransa ba. So hana ganin laifi.

Daɗi kam ta ji shi, ba za ta yi wa Allah ƙarya ba. Ya ba ta labarin ciki da falon da ya kama a Fanshekara, mai taga biyu. Ya tambaye ta labule wane iri take so. Labule! Ita da take neman bango, yau ana tambayarta labule. Ta ce mai ruwan ganye, sai hawaye ya zubo, ta ce turaren ne ya shiga idonta. Amma ko a tsakiyar dariya rabin hankalinta yana ƙofar ciki. Kaza ta yi motsi, gabanta ya faɗi.

Hajiya kuwa sai ta rinƙa sakin zance tana murza tunkuza.

"Soron nan nawa kwana biyu yana shan shara. Ko aljanu ne suka tare?"

"Datti ne ya yi yawa, Hajiya."

"Uhm. Aljanin har da ƙararrawa." Ta ɓantari goron da Zuwaira ta ce wani ne ya ba ta. "Allah ya yi wa wanin albarka, ya iya zaɓen goro."

Ranar Lahadi ta bakwai Labaran ya shigo bakinsa har kunne.

"Albishirinki! Na gaya wa Baffa Gwadabe. Kin san shi ya riƙe ni tun ina shekara shida, shi ne ubana. Ya ce zai shigo daga ƙauye ya yi bincike yadda aka saba, sai a kawo gaisuwa."

Bincike! Ita da ta taɓa aure, ta yaya ta manta? Ba a ɗaura aure sai manya sun zaga unguwa sun tambayi asali da hali. Ta buɗe baki za ta faɗa masa komai, wallahi ta buɗe.

"Me ya faru, Zuwairana? Kar ki damu. Me za a samu a kanki in ba alheri ba?"

Ta rufe bakin.

Makon nan alawa ta sha wuya a hannunta. Ta naɗe wata sau biyu, ta bar wata tsirara, mai duba aiki ta yi mata tsawa har sau uku. Abinci ya ƙi wucewa. Kullum ta ce gobe za ta same shi, goben ta zo ta ce jibi. Rana ba ta ƙarya, ranar Alhamis ta fito ta gan shi a gindin palwaya, riƙe da keke, bai taɓa ƙararrawa ba.

"Baffa ya je Na'ibawa," ya ce, ko gaisuwa babu. "Ya tambayi dattawan da ke zama a bakin injin. Suka ce Hajiya Mairama ba ta da wata 'yar ɗan'uwa. Sai dai wata mai wanki da take zuwa ranar Lahadi."

Ta sunkuyar da kai.

"Mako bakwai, Zuwaira! Mako bakwai ina cire takalmi a soron da ba naku ba, ina aika wa baƙuwa goro! Me na yi miki?"

"Ba ka yi min komai ba..."

"To ina ne gidanku?"

"Babu."

"Kamar ya babu?"

"Babu, Labaran! Ba ni da gida! Ba ni da ɗaki, ba ni da ƙofar da za ka tsaya!" Sai maganar ta ɓalle mata, ta zayyana masa komai, tun daga takaba har kwalin da ke tsakanin tukwanen Ladidi. Mata na wucewa suna waiwaye, yau ita ce ba ta damu da masu kallo ba.

Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Da kin gaya min..."

"Da na gaya maka me za ka yi?"

"Ban sani ba! Amma da ban tura ubana ya ji kunya ba. Kin san abin da ya ce? Ya ce macen da ba ta da gida, ina za a kai goronta? In ta yi yaji ina za a je biko, rumfar tuwo? Ya ce in na sake zuwa wurinki ba shi ba ni." Ya kawar da kai. "Kuma bai tsaya nan ba. Ya zo Sharaɗa. Aka ce masa... aka ce wani makon a ɗakin wani namiji kike kwana. Wai Bulus."

Ta ɗago a hankali.

"Tambayata kake yi?"

"Zuwaira, ni dai..."

"Har kai?" Ta ja da baya. "Baffa bai san ni ba, ba laifinsa. Amma kai? Bulus ne fa yake buɗe maka get a masaƙa. Je ka duba allon shiftinku, ka tambaye shi makon da yake kwana a gida."

Ta ja mayafinta ta wuce. Ya kira ta sau biyu, ba ta waiwaya ba, don in ta waiwaya faɗuwa za ta yi.

Ranar Asabar ta jawo akwatinta na ƙarfe daga ƙarƙashin gadon Rahila.

"Ina za ki?"

"Inda mota ta tsaya. Na jawo an sa sunan mijinki a bakin duniya, Rahila. Wannan ne sakayyar da zan yi miki?"

"Bulus ya ce miki ya damu? Ajiye akwatin nan!"

Ba ta ajiye ba. Suka rungume juna suka yi kuka mai isarsu, ta ɗora akwati a ka. Sai dai kafin tasha akwai haƙƙi guda a wuyanta, ba ta so ta tafi da shi. Ta shiga motar Na'ibawa.

Ta tarar da Hajiya a tsakar gida, ta miƙe ƙafa tana tsince gyaɗa. Zuwaira ta sauke akwati, ta durƙusa nesa da ita.

"Hajiya, gafara na zo nema. Na yi muku ƙarya. Na ce wa wani ku gwaggona ce, na rinƙa zance a soronku ba da saninku ba..."

"Wannan na sani tun Lahadin farko. Gwiwata ce ta mutu, ba kunnena ba. Na zuba ido in ga ranar da za ki shigo min da shi. Ni a zatona yayan naki ne mai zafi, kike ɓoyo."

"Ba ni da yaya a Sharaɗa."

Hannun Hajiya ya tsaya a cikin faranti.

"To wurin wa kike?"

Ta sake faɗa, karo na biyu cikin kwana uku. Wannan karon ko kuka ba ta yi ba, ya ƙare. Tana gamawa ta jira a ce ta tashi ta fita, ai ta saba.

"Tun yaushe?"

"Shekara da wata biyu."

"Kina zuwa gidan nan tun yaushe?"

"Shekara guda..."

Farantin gyaɗa ya tashi sama, kaji suka watse.

"Amma ke dai an yi muguwar yarinya! Muguwa!" Hajiya ta dafa bango ta miƙe. "Tashi! Tashi ki buɗe ɗakin can!"

Zuwaira ta tura ƙofar da aka nuna mata. Buhuna ne jere har rufi.

"Me kika gani?"

"Gyaɗa..."

"Gyaɗa! Gyaɗa tana kwana a ɗaki mai siminti, da ƙofa da sakata, 'yar Musulmi tana kwana tsakanin tukwane! Shekara guda kina wanke min zannuwa, kina ci a kwanona, kina kallon ɗakin nan kina wucewa. Kin iya aron soro, ba ki iya tambayar ɗaki ba? Me kika ɗauke ni? In na mutu Allah ya tambaye ni, in ce masa ban sani ba? Kin so ki kai ni wuta ina zaman zamana!"

"Na tambayi ƙofa goma sha ɗaya, Hajiya... Na ji tsoro in na tambayi ta sha biyu, Lahadin ma in rasa ta."

Tsohuwar ta saki bangon. Ta koma ta zauna daɓas, ta ja gefen ɗankwali ta goge ido, tana mita wai hayaƙin suya ne, alhali ko wuta ba a hura ba.

"Fitar da buhunan nan ki kai soro. Tunda kin iya share shi, sai ki iya jera su. Akwatin nan kuma in na sake ganinsa a kanki sai na karya miki ƙafa da sandar nan."

A ranar Zuwaira ta tura sakata da hannunta, daga ciki. Ta zare, ta sake turawa. Ta yi haka ya fi sau biyar tana jin ƙarar ƙarfen. Ɗaki ya samu, amma zuciya ba ta kwanta ba, kullum tana gindin palwaya inda ta bar mutum yana kiran sunanta.

Mako guda ba Labaran ba labarinsa. In jiniya ta kaɗa ta fito ta dubi wurin, wayam. Ta ce wa kanta haka ya fi, kanta ya ƙi yarda.

Ranar Lahadi bayan la'asar tana shanya, sai ta ji ƙararrawa. Zanen ya suɓuce daga hannunta. Sannan sallama ta biyo, ba murya ɗaya ba.

"Zauna nan," in ji Hajiya. "Yau ba barci nake ba."

Ta dogara sanda ta fita. Zuwaira ta lallaɓa ta manne da bangon soro, ta leƙa ta tsagar ƙyaure. Ga Labaran ya rame, ya durƙusa a gefe. Ga wani dattijo mai farin gemu a kan tabarma, buhunan gyaɗa a bayansa. Ga Bulus cikin kakin gadi, da Rahila da ɗaurin zuwa coci.

"Baffa, ku gafarce ni," Labaran ya fara, kansa a ƙasa. "Ban taɓa musa muku ba, yau ma ba musu na zo yi ba. Kwana uku ina roƙonku ku zo ku ƙarasa binciken ne kawai. Kun tambayi maza masu zaman bakin titi. Ba ku tambayi waɗanda ta kwana a wurinsu ba."

Bulus ya zaro wata takarda ya shimfiɗa. "Baba, ga tsarin gadinmu. Mako guda ina rana, mako guda ina dare. Makon da nake dare, daga shida na yamma zuwa shida na safe ina bakin get, mutum ɗari uku ne shaidata. A makon ne take kwana da matata. Shekara da wata biyu, ban taɓa tarar da ita a ɗakina ba. Abin da nake tararwa kawai, an cika randa, an wanke min kaki."

"Makon da yake gida kuwa," Rahila ta karɓa, "ko ruwan sama ake yi ba ta yarda ta kwana. Na roƙe ta, na yi fushi, ta ce ɗakin ma'aurata ne. Baba, in 'yar nan 'yar banza ce, da ta kwana a kwali? Masu mota nawa ne suke tsayawa a ƙofar kamfaninmu?"

Baffa Gwadabe ya juya takardar, ya sake juyawa, ya miƙa wa Bulus abarsa.

"Ni manomi ne," ya ce a hankali. "A wurinmu in rana ta faɗi kowane magidanci yana ɗakinsa. Ban san akwai aikin da ke raba mutum da gadonsa mako guda cur ba. Da aka ce ɗakin Bulus, ban ga kowa a ciki ba sai Bulus. Na ɗauki alhakin baiwar Allah, astagfirullah." Ya shafa gemu. "Amma Hajiya, maganata ta biyu tana nan. Aure ba na mutum biyu ba ne. Ina za mu kai goro? In an saɓa, don zo mu zauna zo mu saɓa ne, ina za mu je biko?"

"Malam, yanzu a ina kake zaune?"

"A soronki."

"Wa ya nuna maka hanya?"

"Ai na taɓa zuwa."

"To ka riga ka san gidan biko. Goro kuwa mako bakwai ina cin na ɗanka, ban ga dalilin da zai sa a sauya gida ba. Jiya na je wurin mai unguwa da liman, na shaida musu 'yata ce. Liman ya ce shi zai tsaya mata waliyyi. Saura me?"

Baffa ya yi dariya har gemunsa na rawa. "Saura sa rana, Hajiya."

Da manya suka fita, Zuwaira ta shigo soron ta tarar da Labaran. Suka tsaya, buhu uku a tsakaninsu.

"Na tambaye ki abin da bai kamata ba," ya ce. "Tun kafin in duba allon shiftin na san amsar. Ki yafe min, Zuwairana... kwana goma ban san ɗanɗanon abinci ba."

"Ni ce na fara yi maka ƙarya."

"To mun yi canjaras. Amma daga yau ko a kan bishiya kike kwana, ki gaya min, in zo in yi sallama a gindinta!"

Wannan karon dariyar ce ta riga kukan fitowa.

Bayan wata guda aka ɗaura. Da aka shafa fatiha ango ya shigo har tsakar gida gaida surukarsa, ya zube a gabanta.

"Yau dai Gwaggo ba ta barci," ya ce, mata suka kwashe da shewa.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta kira Zuwaira, ta kamo gefen mayafinta, ta ƙulle wani ɗan makulli a ciki, ƙulli biyu.

"Kai, ɗago ka gani da idonka. Na ɗakinta ne. Gyaɗa ba za ta koma ciki ba, ko shekara nawa za a yi. Macen da ba ta da inda za ta yi yaji, a tsorace take zaman aure, ko mijin waliyyi ne. Tawa ba za ta zauna da kai don ba ta da wurin zuwa ba. In ta zauna, so ne ya zaunar da ita. Ka ji?"

"Na ji, Gwaggo. In Allah ya yarda sai makullin ya yi tsatsa."

"Ya yi tsatsar a hannunta."

Bayan magariba motar ɗaukar amarya ta tsaya a bakin injin markaɗe. Matan kamfanin alawa suka cika lungu da guɗa, Ladidi mai tuwo a gaba, Rahila na riƙe da hannun amarya. Lafiya lau aka ratsa tsakar gida, aka ratsa soro. Ana kaiwa koriyar ƙofar nan sai Zuwaira ta damƙe ƙyauren da hannu biyu, ta fashe da wani irin kuka da ya sa guɗar ta tsaya.

"Ah ah! Bazawara da kukan budurwa?" wata ta ce. "Sakar musu ƙofa mana, gidan da ko wata biyu ba ki yi ba!"

Ba su gane ba. Ƙofa nawa ta fita a rayuwarta, akwati a ka, ba wanda ya taɓa tambayarta ranar dawowa. Yau ce rana ta farko da ta bar wani gida ba korarta aka yi ba.

Rahila ta ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ita ma tana share ido. Sun kusa mota sai muryar tsohuwar ta taso daga cikin soro.

"Ke 'yar nan! Sai yaushe?"

Zuwaira ta laluba gefen mayafinta, ta damƙe ɗan ƙullin har ƙarfen ya shiga tafin hannunta. Ta waiwaya.

"Sai Lahadi, Gwaggo."